Kaset ɗin Baba Mai Rediyo

Duk wanda ya hau tirelata ya ji abin da ke tashi a rediyo sai ya sake kallona. Bahaushe baƙi wuluk, ga carbi rataye a gaban mota, ga dardumar salla a kan kujera, amma tun daga Ohio har Tennessee ba abin da nake ji sai waƙoƙin kantiri, kiɗan mutanen karkarar Amurka. Wani abokin aikina, Bahaushen zangon Kumasi, ya taɓa ce mini, "Alhaji, ka kuwa san masu wannan waƙar ba da irinmu suke yi ba?" Na ce masa ni tun ban san inda Amurka take a taswira ba nake jin su. Bai yarda ba. To, ga yadda abin ya faro.

An haife ni a Jos a 1974, a unguwar Nasarawa, cikin wani gidan haya mai ɗaki tara. Tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Mu Hausawa iyali uku ne, sai Yarabawa 'yan Ogbomosho, sai wata malamar asibiti Birom, wani ɗan sanda Tibi, da wani dattijo Ibo mai gyaran rediyo wanda ya mayar da ɗakin bakin ƙofa shago. Kowa a unguwar Baba Mai Rediyo yake ce masa, har matarsa in tana magana da mu. Mahaifina tela ne. Kekensa na ɗinki a kan dakalin ƙofar gida yake wuni, taku biyar tsakaninsa da shagon.

Ranar Lahadi in Baba Mai Rediyo ya dawo daga coci, sai ya fito da wata sifika da ya haɗa da hannunsa cikin akwatin katako, ya ajiye ta a bakin ƙofa. Da Jim Reeves yake buɗewa, kullum. In rana ta ɗan ɗaga, sanyin Jos ya fara sakin mutane, sai ya sa Don Williams, daga nan Dolly Parton ko Kenny Rogers. Aikina shi ne juya kaset da biro, don kada a ƙona batir wajen mayar da shi baya. In zaren ya tsinke, ya ɗiga masa jan farcen matarsa ya liƙe, wurin ya riƙa yin ɗan tsalle duk sanda waƙar ta zo kansa. Har yau akwai waƙar da in na ji ta a rediyo sai kunnena ya jira wannan tsallen.

Baba, wato mahaifina, ba ya jin Turanci ko na sayen burodi. Shi mutumin Shata ne da Ɗan Maraya Jos. Amma in aka sa Don Williams sai ka ga ƙafarsa ta rage gudu a kan keke. Wata rana ya ce, "Wannan mutumin ba ya ihu. Da ji ka san ɗan mutunci ne." Shi ya raɗa masa Ɗan Marayan Turawa, sunan kuwa ya bi shi a gidanmu.

Ƙofar gidan nan ba ta da sakata. Wani katako dai ake jinginawa da dare saboda awaki. Matar da wutarta ta mutu sai ta aiki yaro da marfin kwano ya ɗebo garwashi a murhun da ke hayaƙi, ba a tambayar na wa ne. Ranar Babbar Salla ƙafafuna har ciwo suke saboda rabon nama ɗaki ɗaki. Ranar Kirsimeti kuma kwanukan shinkafa da kaji ne ke shigo mana, kuma Baba ne ke yanka musu kajin tun jajibere don kowa ya samu ya ci. Ɗan sandan nan ya taɓa tsula mini bulala a kan titi saboda ya kama ni ina lilo a bayan a-kori-kura. Na kai ƙara gida ina kuka, Baba ya ƙara mini, sannan ya tura ni in je in yi masa godiya.

A lokacin na ɗauka waƙoƙin nan na masu kuɗi ne. Bature ne ke rerawa, to me zai dame shi? Ko da na yi sakandare na fara tsintar kalma ɗaya biyu, ban taɓa tsayawa na ji abin da suke faɗa ba.

Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 rikici ya ɓarke, garin ya kama da wuta. Ba zan tsaya ba da labarin kwanakin nan ba, wanda ya gani ya gani. Abin da zan faɗa kawai, Baba Mai Rediyo da iyalinsa kwana uku suka yi a uwar ɗakin mahaifiyata, Baba yana zaune a kan dakali da carbinsa, duk wanda ya zo tambaya ya ce masa sun tafi tun jiya. Da sojoji suka zo aka fitar da su. Ba su dawo ba. Malamar asibiti ta koma cikin danginta, ɗan sanda ya koma bariki. Kafin shekara ta zagayo duk ɗakunan nan tara Hausawa ne a ciki, mutanen da su ma koro su aka yi daga wasu unguwannin. Aka sa wa gidan ƙofar ƙarfe. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, da shagona na yadi a ciki. Baba ya rasu a 2006, Allah ya jiƙansa. Da aka sake yi a Nuwamban 2008 sai na ji garin ya fita raina. Na cike lotirin bizar Amurka, Allah ya sa sunana ya fito, na sauka Columbus ta jihar Ohio a 2010.

Shekara uku ina ɗaga kwalaye a wani katafaren sito kafin na samu lasin babbar mota. Tuƙin tirela a ƙasar nan aikin kaɗaici ne. Doka ta ce awa 11 za ka tuƙa ka huta awa 10, kuma duk awannin nan kai kaɗai ne da titi. Wani dare ina murɗa rediyo sai na faɗa kan tashar WSM ta Nashville, a lamba 650, wadda in dare ya yi muryarta ke kaiwa jihohi masu nisa. Ita ce ke watsa shirin waƙoƙin kantiri na Grand Ole Opry, da aka fara tun 1925 kuma har yau ba a fasa ba. Sai ga muryar Ɗan Marayan Turawa. Wannan karon kuwa kunnena ya buɗe, ina jin kowace kalma.

Daga ranar na koma sauraren waƙoƙin nan kamar mai ɗaukar karatu. Ashe ba masu kuɗi ba ne. Ashe dakali suke yi wa waƙa. Nasu dakalin na katako ne, baranda a gaban gida da kujerar lilo, inda tsofaffi ke zama da yamma suna gaisawa da duk mai wucewa. Suna waƙar garin da kowa ya san kakanka, da ƙofar da ba a kullewa, da hanyar ƙasa mai ƙura, da uwa mai ɗinka wa 'ya'yanta riga da ƙyallaye. Suna waƙar maƙwabcin da ke zuwa da kwanon abinci ranar rasuwa, da zamanin da musafaha ta isa a ƙulla ciniki, da yadda direba ke sauka gefen titi ya tsaya in za a wuce da gawa ko bai san mamacin ba. Kusan kullum kuma mai waƙar ba ya garin. Yana wani birni yana aikin masana'anta, yana cewa zai koma. Wani dare a wajen hutun direbobi na kashe mota na kifa kaina a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar da kasuwa ta ƙone.

A hunturun 2018 na ɗauko kaya zan gangara kudu ta titin 23, wanda ya ratsa Columbus ya tsallaka kogin Ohio ya shiga duwatsun gabashin Kentucky. A can sun raɗa masa titin kantiri saboda yawan mawaƙan da aka haifa a gefensa. Kusa da Paintsville, wajen magariba, man dizal ya daskare a cikin filta saboda tsananin sanyi, mota ta yi tari ta mutu. Na kira ofishinmu, suka ce mai gyara sai da safe. Babu inji babu ɗumi. Ina zaune na naɗe da bargo sai ga wani tsoho a tsohuwar a-kori-kura ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. Baƙo ne ni, baƙar fata, cikin dutse da dare. Ya ce, "Ɗana, in ka kwana a nan gawarka za a tarar. Sauko."

Gidansu ƙarami ne, a gindin tsauni. Matarsa ta ɗauko tukunyar wake za ta zuba mini, na daure na tambaya ko da naman alade a ciki. Ta ce a nan ai ba a dafa wake babu shi. Ba ta ɓata rai ba, ta mayar da tukunya ta soya mini ƙwai, ta yanko burodin masara, mai kama da masa in ta kwana, ta haɗa da gahawa mai zafi. Da na nemi inda zan yi salla, tsohon ya miƙa hannu ya kashe talabijin, suka yi shiru har na sallame.

Shi tsohon ma'aikacin ramin kwal ne. Siririyar robar iska ce a hancinsa, ƙurar kwal ta cinye masa huhu, ciwon da suke kira baƙin huhu. In ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya ya nemi numfashi. Da ya ji irin waƙoƙin da nake saurare ya yi dariya har ta sarƙe shi. Na ba shi labarin sifikar katako da kaset mai tsalle, ya kira matarsa ta zo ta ji. Sai na ce masa ina ƙyashinsu, su da suke zaune a cikin garin da ake yi wa waƙa.

Ya girgiza kai. Ya ce in leƙa ta taga in ƙirga gidajen da ke da fitila. Na ƙirga huɗu a cikin kwarin nan duka. Ya ce yana yaro sun fi arba'in. Ya ce mutanensu na da wata magana, wai abu uku ake koya wa yaro a makarantar Kentucky: karatu, rubutu, da hanyar 23 zuwa arewa. Da injuna suka shigo ramuka aikin ya ragu, sai gari ya kwashe ya nufi Columbus da Dayton da Detroit. Daren Juma'a motoci su yi jerin gwano zuwa gida, daren Lahadi su juya. 'Ya'yan waɗancan suka rage zuwa, jikokinsu kuma ba su ma san hanya ba. Ya ce, "Waƙoƙin nan ba mu da muka zauna aka yi wa ba. Waɗanda suka tafi aka yi wa."

Ya nuna mini da hannu wajen da Van Lear take, garin da kamfanin kwal ya gina, da kwarin Butcher Hollow inda aka haifi mawaƙiya Loretta Lynn a 1932. Su takwas iyayensu suka haifa, ubansu a rami yake aiki, ita kuma tana da shekara 15 aka yi mata aure. Ya ce a zamanin ubansa gida na kamfani ne, kanti na kamfani, har kuɗin da ake biyan mutum wasu kwabbai ne na kamfani da ba sa sayen komai sai a kantin. "Ina sauƙin yake?" in ji shi. Matar, wadda tun ɗazu ba ta sa baki ba, ta ce, "Amma ranar da rami ya rufta da babana, sati biyu ba mu hura wuta a gidanmu ba, kuma ba mu kwana da yunwa ba." Ya yi shiru. Na ga alama shekara hamsin suna wannan gardama, ba wanda ya ka da wani.

Da safe ya kai ni wajen motata. Na zaro kuɗi, ya kalle ni kamar na zage shi.

Da na dawo gida na kira mahaifiyata a Jos. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Na shiga zuba mata zancen da, yadda gidanmu yake, yadda duniya take kwance. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "Kai dai yaro ne a lokacin, shi ya sa. Wa ke tashi da asuba cikin sanyin nan ya ja guga? Ɗaki tara, banɗaki biyu. Ka manta layin madara da sabulu na 1984, da na tsaya tun safe har la'asar da goyon ƙanwarka? Ka manta ƙaninka da ƙyanda ta ɗauka?" Ta ce garwashin da nake yabo, rashin kuɗin ashana ne. Ta ce ita da matar ɗan sanda sun yi wata shida ba sa ga maciji a kan igiyar shanya.

Na ce, "To Inna, ke ba kya kewar gidan?"

Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Ta ce, "Wa ya wanke ni ranar da na haife ka? Ba matar Mai Rediyo ba?"

A ranar ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ashe Baba Mai Rediyo ya taɓa gudu daga Jos a 1966, da rigar jikinsa kawai. Baba ne ya kwashe kayan aikinsa ya zuba a buhu ya ajiye a ƙarƙashin gado. Da yaƙi ya ƙare a 1970 ya dawo, Baba ya fito masa da buhun, ko sukudireba ɗaya bai ɓata ba. Ni da aka haifa bayan shekara huɗu na taso na tarar da su suna raha a kan dakali, na ɗauka haka Allah ya halicci unguwar. Ban san gyararriya ba ce, irin kaset ɗin nan mai jan farce.

Maganar abokina na Kumasi kuwa, ban ce ƙarya yake ba. In Baturen kudancin Amurka ya ce yana kewar zamanin da, baƙar fatar da kakarsa ta sha ruwa a famfo daban saboda wariyar launin fata yana da dalilin ɗaure fuska. Ni ma akwai wuraren shan mai da na shiga na ji idanu a bayana, waƙar da nake so tana tashi a cikin shagon. Akwai kuma 'yan zamani a Nashville da suka mayar da kewar nan haja: a jera hanyar ƙasa, a-kori-kura da kaka a baranda, a buga a sayar, alhali mai rerawar bai taɓa ɗebo ruwa a rijiya ba. Kunnena na gane su, kamar yadda Baba ke gane yadi mai gauraye da taɓawa ɗaya. Amma na gaya wa abokina ya je ya dubi banjo da kyau. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka kawo asalinsa, fata a kan ƙwarya da tsirkiya, ɗan'uwan gurmi da molo. Charley Pride kuma, ɗan masu tsinkar auduga daga Mississippi, baƙi ne kamar mu, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan wannan kiɗa. Ya ce shi dai bai gamsu ba. Muna nan muna yi.

Da Kenny Rogers ya mutu a Maris ɗin 2020, na shiga Facebook na yi ta laluben sunan gidansu Baba Mai Rediyo har na gano babban ɗansa, abokin wasana, yana Aba yana sayar da kayan lantarki. Da ya ɗaga waya na yi masa Turanci, ya ce, "Kai, bar wannan, yi mini Hausa." Hausar Jos tsantsa, ba ta goge ba. Ya ce tsohon ya rasu da daɗewa. A ƙarshen rayuwarsa sai ya zauna a ƙofar gida yana yi wa jikokinsa Hausa, su kuwa ba sa ji, suna dariya wai kaka ya ruɗe. Akwatin kaset ɗinsa na nan, ba abin da za a sa su a ciki.

Na ajiye wayar na fito baranda. A hawa na biyu muke, ni da maiɗakina da yara uku. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwar Baturiya ce. Shekara shida muna haɗuwa a matakala, ta gyaɗa kai in gyaɗa, ban san sunanta ba. Ni da nake kuka a kan sitiyari saboda maƙwabta. Kunya ta kama ni.

Da Babbar Salla ta zo, lokacin ana tsakiyar korona, maiɗakina ta soya nama ta zuba a kwanon silba mai murfi, na riƙo hannun autarmu muka ƙwanƙwasa. Ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofa na maƙale, ga takunkumi a fuskarta. Na ce yau sallarmu ce, wannan rabonta ne. Ta ce nawa za ta biya. Na ce ba a biya. Ta daɗe tana kallon kwanon kafin ta zare sarƙar ta karɓa, ta rufe ƙofa ba ta ƙara cewa komai ba. Muna juyowa auta ta ce, "Baba, ta tafi da kwanon Mama."

Bayan kwana uku aka ƙwanƙwasa mana. Ita ce, da kwanon a hannu, cike da burodin masara mai ɗumi. Ta ce wa maiɗakina kada ta damu, da man shanu ta yi, ta tambaya an gaya mata abin da ba ma ci. Ta ce mahaifiyarta ta hore ta ba a mayar da kwanon maƙwabci fanko. Maiɗakina ta dafe ƙirji ta ce mu ma haka ne a wajenmu. Na tambaye ta ita mutuniyar ina ce. Ta ce Pikeville, a Kentucky. Tana da shekara tara suka hau titin 23 a bayan motar kawunta, da katifa da tukwane, ubanta na cewa shekara biyu kawai za su yi su koma.

Yanzu yarana Kaka suke ce mata. In na yi doguwar tafiya, auta a ɗakinta take aikin makaranta, makullinmu na ajiya kuma yana rataye a ƙusa bayan ƙofarta. Na taɓa sa mata Don Williams, ta saurara minti ɗaya ta ce wannan ai barci zai sa ta, in nemo mata Loretta.